Masu Warkewa a Sararin Samaniya

Mutumin Falanko ba ya ganin fiffiken jirgi sai ya gama gajiya a ƙasa. Zai bi ta Damagaram, daga can ko ya kama hanyar Yamai mai kusan kilomita 900, ko ya tsallaka iyaka zuwa Kano. To ya isa filin jirgi ƙafa a kumbure, ya tarar layi ya nannaɗe, sai ga wani an turo shi a keken guragu, ƴan sanda suna buɗe masa hanya. Dole ya tambayi na kusa da shi nawa ake biya. Ba a biyan ko dala. Daga nan ɓarnar ta samo asali.

Dokar Amurka ta 1986 da ta Tarayyar Turai ta 2006 sun wajabta a taimaki mai naƙasa kyauta, kuma galibin filayen jirgi na duniya haka suke yi, ba tare da neman takardar likita ba. Kamfanonin jirage sun kasa masu neman keke gida uku: wanda sai an ɗauke shi har kujerarsa, wanda ba ya iya hawa matakala, da wanda doguwar tafiya kawai ke ba shi wuya. Ta wannan ƙofa ta uku jama'a ke tururuwa, don babu ɗan Adam ɗin da doguwar tafiya ba ta ba shi wuya.

Shugaban masu shiga ta nan shi ne Alhaji ɗan kasuwa. Jiya da yamma an gan shi yana tsallake buhunan gero yana faɗa da ƴan dako. Yau tun daga bakin ƙofa ya kama ɗingishi, yana cije leɓe, yana "wash Allah". Matsalarsa mantuwa: a wurin awon kaya ƙafar dama ce, wurin duba fasfo ciwon ya koma hagu. Shi ake fara shigarwa jirgi, ya cika ma'ajiyar sama da jakunkunansa. Amma ƙa'ida ita ce masu keke su ne na ƙarshen fita, kuma Alhaji bai iya jira ba. Jirgi na taɓa ƙasa a Jidda ko Dubai sai ka ga ya miƙe zumbur, ya ture mutum uku, ya riga kowa isa wurin karɓar kaya. Yaron da aka aiko da keke yana tsaye a bakin jirgi riƙe da takarda mai sunansa, yana jiran gurgun da tuni ya hau tasi. Ma'aikatan jirgi a Amurka sun gaji da ganin haka har suna kiran irin wannan tafiya jirgin mu'ujiza. A 2022 shugaban filin Heathrow na Landan, John Holland-Kaye, ya koka cewa a TikTok ake koya wa mutane wannan dabara. A 2024 kuma Barry Biffle na kamfanin jirage na Frontier ya ce duk turawa ɗaya tana cin kamfaninsa dala 30 zuwa 35 ta Amurka. Ashe Alhajinmu yana da ƴan uwa har a Ingila.

Hajiya mai tsaraba ita ba ta ma wahalar da kanta da ɗingishi. A dawowa daga Makka take neman keken, kuma ba don ƙafarta ba. Dabino a cinya, darduma a kafaɗa, buta da kofuna a leda, agogon bango na surukinta a ƙirji. Mai turawa ba ya ganin gabansa. In ka duba da kyau za ka gane amalanke aka ɗauka, Hajiya ce kawai ta hau bisa kayan.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ɗa mai aron uwa. Tsohuwar lafiyarta lau. Mace ce ta Damargu da ta yi rayuwarta tsakanin turmi da rijiya, wadda har gobe in ta kama hanyar gona jikokinta sai sun haɗa da gudu. Ɗan nata ɗan boko, ya san cewa iyalin mai keke tare da shi suke wucewa. Sai ya sunkuya ya raɗa mata: "Inna, ki zauna nan, kada ki ce komai. In sun dube ki, ki ɗan yi nishi." Ita kuwa kunya ta rufe ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana cewa, "Kai ɗan nan, mutane fa na kallo." Bayanta ga shi, ga matarsa, ga ƴaƴa, ga wani abokinsa da ya zama ƙanin Inna a cikin minti biyu. Uwar da ta goya shi shekara biyu, yau ma ita ta goya shi ya ƙetare layi.

Akwai babban mutum, wanda a ganinsa tafiya da ƙafa aikin talaka ne. Wannan ba sai an daɗe a kansa ba. Shi ne dai wanda in kotu ta kira shi kan kuɗin jama'a, a irin wannan keken yake zuwa, har da ƙarin bandeji a wuya.

Sai kuma wadda ba na iya yi wa dariya sosai. Za ta je ganin ɗiyarta da ta haihu a ƙasar waje, za ta canza jirgi a Adis Ababa ko Istanbul. Ba ta karanta Faransanci, ba ta jin Turanci, allunan nan masu walƙiya ba su ce mata komai. Ƴaƴanta sun rubuta mata keke tun wurin sayen tikiti, don sun san mai turawa ba zai yar da ita a hanya ba, sai ya kai ta bakin jirgi na biyu. Ƙafarta ƙalau, tsoron ɓata ne ciwonta. Jagora take bukata, filayen jirgi kuwa ba su tanadi jagora kyauta ba, keke suka tanada. In da laifi a nan, rabinsa na masu filin ne.

A Harami kuwa, inda ake tura mutane ɗawafi a benaye kuma sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3, can ake gamuwa da malamin kansa. Ƙato ne lafiyayye, ya biya mai turawa, ya harɗe yana jan carbi. Ka yi masa magana ya ce ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana. Gaskiya ne, yana cikin Buhari. Abin da bai faɗa ba shi ne a mazhabar Malikiyya da ya tashi a cikinta, tafiya da ƙafa a ɗawafi wajibi ce ga mai iko, wanda ya hau ba uzuri sai ya sake ko ya yi yanka.

Duk waɗannan sun haifar mana da ɗan sa-ido, alƙalin ƙafafu. Yana tsaye a layi, da ya ga matashiya a keke sai ya ɗaga murya: "Wannan kuma me ya same ta? Ba ita na gani tana tafiya ɗazu ba?" Bai san sikila gare ta ba, ko ciwon zuciya, ko satin jiya aka yi mata aiki. Ba kowane ciwo ke da sanda ba. Maƙaryata sun sa mai gaskiya sai ya yi bayanin cutarsa ga baƙo, ko ya haƙura ya taka.

Keken kuma ƙidayayye ne, masu turawa ma haka. A watan Fabrairun 2024 wani dattijo ɗan shekara 80 ya sauka a Mumbai daga New York tare da matarsa. Dukansu sun nemi keke, ɗaya aka samu. Ya bar wa matar, ya bi ta a ƙafa, ya faɗi a wurin duba fasfo, ya rasu. Hukumar jiragen Indiya ta ci kamfanin Air India tarar rufi miliyan 3.

Irin wannan dattijon muna da shi da yawa, sai dai namu ko an samu keken ba ya hawa. Gwiwa ta ƙare, ido ya yi rauni, ya sayar da shanu ya biya kujerar Hajji. Shi aka yi wa keken tun asali. Ma'aikaci ya turo ya rusuna: "Baba, bismilla, a hutar da ku." Baba ya dube shi sama da ƙasa. Ya tuna masa cewa kakanninsa da ƙafa suka je Makka, ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya suna noma suna ci gaba. Ya ce in labari ya koma Falanko cewa an tura shi a keke gaban mata, da wane ido zai zauna a ƙofar masallaci? "Kai wa marasa lafiya, yaro." Yaro ya juya, kafin ya yi taku biyar Alhaji ɗan kasuwa ya ɗaga masa hannu, yana dafe da ƙafar hagu.