Majalisa Uwar Ladabi, Agadas Na Gaishe Ki

Gaishe ki majalisar dokokin Nijar, giwa mai jiran izinin makiyayi, zakanyar da ba ta taɓa firgita maigida ba, mai kunnen jin raɗar fada tun kafin a buɗe baki! Mu mutanen Agadas, da ke kusan kilomita dubu daga zaurenki na Yamai, mun fi kowa sanin darajarki, domin alherinki yakan iso mana a kammale, da sa hannu da hatimi, ba tare da an wahalar da mu da tambayar ra'ayi ba.

A fara da hikimar rabon kujeru, wadda ta isa a koyar da ita a makarantu. Jihar Agadas ta haura rabin faɗin ƙasar nan, ta fi Faransa girma. A zaure mai kujeru 171 aka ware mata bakwai: shida na jiha, ɗaya na mazaɓar musamman ta Bilma, alhali Damagaram ita kaɗai ta haura talatin. Adalci ke nan tsantsa, tunda kawuna ake ƙirgawa, kuma uranium ɗin Arlit bai taɓa yankar katin zaɓe ba. Abin da ya fi burgewa shi ne yadda aka mai da sauran jihar duka mazaɓa guda. Makiyayin Ingal da mai garkar Timiya da leburan Akokan duk jam'iyya suka riƙa dangwala wa, jerin sunaye kuwa manyan jam'iyya sun riga sun tsara shi, wane a sama, wane a ƙasa. Da wannan dabara aka sauƙaƙa wa ɗan majalisa sanin wanda zai yi wa godiya, aka kuma hutar da talaka: in rijiyar garinsu ta rufta, ba sai ya sha wahalar neman wakilinsa ba, domin shidan nan na kowa ne, babu wanda za a kama da hannu a ce kai ne namu. Kujeru biyar na 'yan ƙasa mazauna waje ma sun zauna wayam fiye da shekara biyu bayan zaɓen Disamba 2020, kuma a duk tsawon lokacin ba a ji ɗayarsu ta saɓa wa gwamnati ba. Madalla da tarbiyya.

Wannan ladabi ba a banza aka same shi ba, an sha horo. A ƙuruciyarta majalisa ta yi rawar kai. Mahamane Ousmane ya rushe ta a 1994, ta dawo da rinjayen 'yan adawa, sai Ibrahim Baré Maïnassara ya raba gardamar da bindiga a Janairun 1996. A 2007 ta sake yin kuskure, ta kayar da gwamnatin Hama Amadou da ƙuri'ar yankan ƙauna, kamar dai an ce aikinta ne sa wa gwamnati ido. Tandja Mamadou ya tuna mata matsayinta a watan Mayun 2009, ya sallame ta don kada ta tsaya wa tazarce a hanya. Zuwa 2014 karatu ya zauna: shugaban majalisar da kansa, Hama Amadou, ya tsallake iyaka bayan kwamitin gudanarwarta ya ba da izinin a kama shi.

Amma gagarumin aikin da Agadas ba za ta manta ba shi ne doka mai lamba 2015-36. Kafin ita, duk ranar Litinin garin nan yakan cika da hayaniya marar amfani: motocin Hilux jere a bakin gari suna jiran ayarin soja zuwa Dirku, matafiya sun rataya ƙafafu a waje suna riƙe da sandunan da aka kafa a gefen mota, masu sayar da jarkokin ruwa da aka naɗe da buhu, masu rawani da tabarau, masu gasa nama, 'yan kamasho, masu canjin kuɗi, kowa na cin abinci. Majalisa mai hangen nesa ta lura cewa wannan ciniki yana hana Turai barci. Ta tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma ga masu jigilar baƙin haure, tun watanni kafin shugabanni su hallara a taron Valeta kan batun ƙaura. Ɗa nagari ba ya jira sai an aike shi. Daga 2016 aka fara aiki. Aka tara motoci a barikin soja suna shan rana, direbobi suka sami hutu a gidan kaso, tsofaffin 'yan tawayen da aka lallashe su suka ajiye bindiga suka kama sitiyari aka nuna musu cewa sitiyarin ma laifi ne. Dubbai suka rubuta suna don tallafin canza sana'a, 'yan ɗaruruwa suka samu, sauran aka ba su ladan haƙuri. Matafiyan kuwa aka 'yantar da su daga tsohuwar hanya mai rijiyoyi da shingen jami'ai, suka koma bin tsakiyar Tenere, inda babu mai tsayar da su, babu kuma mai ƙirga waɗanda ba su isa ba.

Kawaicinta ma abin a yi wa guɗa ne. Kundin tsarin mulki na 2010 ya ce yarjejeniyar tsaro sai da amincewar majalisa. Amurka ta gina sansani na 201 a kudancin garin nan, na dala miliyan ɗari da ɗoriya, jiragen da ba matuƙi suka yi ta tashi a kan rufin gidajenmu, majalisa mai kunya ta sunkuyar da kai, domin ba a tambayar baƙon maigida abin da ya kawo shi. Da aka nemi bakinta a Afrilun 2022 kan sojojin ƙetare da ke barin Mali, ta amsa da ƙuri'a 131, wasu 31 marasa ta ido suka ƙi. Kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai da doka ta ware wa ƙananan hukumomin yankin, shi ma ba ta takura wa baitulmali da yawan tuni ba, kuma duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Arlit ƙashin bayansa zai ba da shaida.

Kamala kuwa sai bayan 26 ga Yuli 2023. Janar Abdourahamane Tiani ya jingine kundi, ya sallami zauren, ya soke dokar 2015-36 a watan Nuwamba da alƙalami guda, abin da wakilai suka shekara takwas suna nazari a kai. A 2025 aka rushe jam'iyyu, aka kafa majalisar ba da shawara mai mambobi 194, ta fi ta da yawan kujeru, ta kuma fi ta tsabta, don babu wanda ya ɓata yatsa da tawada kafin a cike ta. Ba ta yin doka, ba ta kayar da gwamnati, tana magana in an tambaye ta. Dattijuwar garin Fashi da a da takan bar tukunya a wuta ta yi layi cikin rana, yanzu an ɗauke mata wannan nauyi na tsawon shekara biyar, kuma an yi mata albishir cewa wa'adin na iya ƙaruwa idan hali ya yi.