Gemun Auduga da Masu Gardama a Kansa

Azumi na kaiwa goma, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun ƙasar Gumel bayan an idar da asham: tashe na nan ko ya mutu? Ana tsaka da ita sai ga yara sun ɓullo daga lungu, ɗaya ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a doro, yana dogara karan dawa. Wannan ba ya hana a ci gaba da ta'aziyyar tashe. Ni kam masu gardamar sun fi ba ni dariya a kan 'yan tashen.

Uban tafiya shi ne Baba A-zamaninmu. Tashen ƙwarai na ƙarshe da ya gani, tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991 ne, daga nan komai ya lalace. A wurinsa gemu dole na auduga ne, a manna shi da ƙaro. Wanda ya yago soson katifa ya ci amanar kakanni. Jatau mai magani in ba buzu, ba layu, ba tarkacen saiwoyi a tsohuwar tabarma, to ɗan talla ne kawai. Yara na farawa zai katse su: "Kai yaro, wa ya koya maka? Haka tsoho ke tafiya?" Sai ya miƙe, ya karɓe karan, ya ranƙwafa, ya yi tari, ya ja ƙafa har bakin masallaci ya dawo. Kuma wallahi ya iya, don shi ba ya bukatar auduga. Yara su yi tsaye suna jiran abin hannu, ya koma tabarmarsa ya ce, "Allah ya yi muku albarka." Ko naira ashirin ba ta taɓa fita daga aljihun nan ba.

Kada a ɗauka a Lautai, wato Gumel, kaɗai ake samun irinsa. A Amurka akwai wasan Dungeons & Dragons da ya fito a 1974, inda ake zama a kewaye tebur, wannan ya zama jarumi, wancan matsafi, ana jefa ɗan ludo mai fuska ashirin don a ga wa dodo zai cinye. Tsofaffin 'yan wasan sun shekara suna kukan an yi watsi da Greyhawk, duniyar almarar da Gary Gygax ya ƙago. Da kamfanin wasan ya dawo da ita cikin sabon littafinsa a 2024, wasunsu cewa suka yi ai ba haka take ba a zamaninsu. Da za a haɗa su da Baba, tafinta kawai za a nema.

Kishiyar Baba shi ne saurayi mai waya. Shi a bakinsa tashe ƙauyanci ne, amma shi ke bin yaran da fitilar waya yana cewa a maimaita, bai ɗauka da kyau ba. Ya sa Jatau ya bar maganin shawara ya koma sayar da maganin tsadar fetur da na budurwa mai karanta saƙo ta ƙi amsawa. Washegari abin na yawo a TikTok. Ka lura dai, duk sabuntawarsa bai iya ƙago ko mutum ɗaya sabo ba. Tsoho, boka, malam mai allo da Mairama da Daudu, su ɗin dai yake juyawa.

Akwai ɗan kasuwar tashe: ba gemu, ba waƙa, gwangwani kawai da sanda. Na Maigatari ya fi kowa wayewa, don ya tashi yana ganin yadda ake cinikin raƙuma ranar Alhamis. Naira yana karɓa, sefa yana karɓa, in ka ce ba canji ya karanto maka lambar asusun yayansa.

Sai Malam mai fatawa. Da rana ya ce wasan banza ne, ɓata daren ibada ne. Da dare in 'yan mata sun shiga gidansa da ƙwarya da ludayi, sai tasbihinsa ya rage gudu, ya matso bakin zaure, wai iska yake sha. In uwargida ta leƙo ya daure fuska: "Ki sallame su mana, sun cika mana kunne." Bayan an kai ƙarshen waƙar fa ke nan.

Gwauro shi ne kaɗai adawarsa ta gaskiya ce, kuma ina tausaya masa. Ya san abin da Nalako ke yi wa irinsa a Kano, a ɗaura igiya a zaga gari da kiɗa. Ko da labari ya zo cewa 'yan sandan Kano sun dakatar da tashe saboda 'yan daba na fakewa da shi, shi ya fara yaba hangen nesan hukuma. Goma ga wata na matsowa yake tuna yana da ɗan'uwa a Gagarawa da ya daɗe bai gaisar ba. Baƙon Bahaɗeje kuwa, abokin wasa, ra'ayinsa gajere ne: wai mutumin Gumel ba ya bukatar shiga kafin ya ba da dariya. Mun ji, za mu rama.

Kada in manta da mai bincike, wanda ya cika shafi ɗari kan muhimmancin tashe don neman digiri, amma in yara suka buga ƙofarsa ya aiko a ce yana nazari.

Wadda ba ta shiga gardamar ita ce Iya, tsohuwar da ke can cikin gida a wani ƙauyen Sule Tankarkar. Tun azumi na biyar ta ware gero a ƙwarya. In yara suka yi tuntuɓe a waƙa ta ɗora musu daga inda take zaune, ta gane jikan wa ke bayan gemun, amma ta ce, "Sannu da zuwa, Baba tsoho, daga ina haka da daren nan?" Yaron ya ƙara ranƙwafawa, har murya ta canja.

Saboda haka mai karatu, in kana cikin masu cewa tashe ya mutu, ba mu hana ka ba. Ka dai nemi canji ka ajiye kafin goma ga wata, don mamacin zai biyo ta ƙofar gidanka.