Gaskiya Ta Nutse A Miyar Kuka

Ranar Lahadi a majami'armu, can wani ƙauye gab da Dayi, ba a samun matsoraci. Fasto ya yi wa'azi kan annabi Natan, wanda ya shiga fada ya faɗa wa Sarki Dauda laifinsa ido da ido. Muka yi ta zuba "Amin" har kwanon rufi yana amsawa. Ni kaina na ji da za a sako zakunan ramin Daniyel a lokacin, da kunne zan kama su.

Ana tashi daga sujada dattawan ikilisiya suka ja ni gefe. Ashe kawuna ya daɗe yana yi wa gonar wata gwauruwa cin ɓera: bara kunya ɗaya, bana kunya ɗaya, har sun kai 6. Dole a faɗa masa. Sai dai dattijo na farko ƙafa ta matsa masa, na biyu zai kai masara Funtua, na uku ya ce shi suruki ne. Aka duba aka ga duk majami'ar babu wanda ya kai ni ƙarfin "Amin".

Litinin da yamma na hau babur, ina bitar jawabina kamar ɗan makaranta. Tun daga zaure ƙamshin daddawa ya tare ni. Kafin in gama gaisuwa Inna, matar Kawu, ta dire akushi: tuwon dawa mai santsi, miyar kuka ta kama jikinta, man shanu yana yawo a kai, ga cinyar zabo ta leƙo tana kallona.

Lomar farko ta tafi da gabatarwar jawabin. Ta biyu ta haɗiye ayar da na tanada. Da na kai malmala ta biyu, sai na ji bakina yana cewa, "Kawu, bana gonarku ta yi albarka, har kamar ƙara faɗi take yi."

"Ikon Allah ne, ɗana."

"Ikon Allah ne, Kawu."

Shi ya cinye kunya 6, ni kunya ɗaya tak ta cinye ni. Dama an ce in baki ya ci, ido ya ji kunya.

Ba mu da hujjar cewa ba mu gane karatun ba, domin tun 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Labaran ma kamar da mu ake. Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate. Bitrus, wanda ya zare takobi a lambu, yana zuwa bakin wuta ya ji ɗumi, wata baranya ta yi masa tambaya ɗaya, ya ce bai san zancen ba. Ku kuma lura, ba a ce an ajiye wa Natan akushi kafin ya buɗe baki ba. Da Dauda ya san tuwon dawa, wataƙila da labarin ya canza.

Mun ma ƙirƙiro wa tsoronmu kalmomi masu tsarki. "Za mu sa abin cikin addu'a" na nufin babu mai zuwa. "Kada in zama sanadin tuntuɓe" na nufin ina cin bashin takin zamani a wurin mutumin. A bayan ido kuwa jarumai ne mu: gulma ta sa farar riga ta koma "roƙon addu'a domin 'yar'uwa wance", da cikakken bayani har da ranar da abin ya faru. Maƙwabtanmu Musulmi kada su yi dariya, tukunyarmu ɗaya. Je ka teburin mai shayi a mararrabar Dayi, inda hanyar Gwarzo zuwa Kano ta rabu, ka ji yadda muke haɗuwa muna wanke shugaban ƙasa tas. Yana Abuja, kuma bai taɓa zuba mana miya ba.

Ina suɗe hannu Inna ta zo ɗaukar akushi. Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Malam, yaron nan ba yunwa ce ta kawo shi ba. Kunyoyin matar marigayi aka aiko shi a kansu. Gobe ka mayar mata, in ba haka ba ka je dattawa su tuƙa maka tuwo."

Kawu ya ƙware da ruwa. Washegari da sassafe aka gan shi da fartanya yana gyara iyaka.

Lahadi ta zagayo, Fasto ya tsayar da ni gaban jama'a ya ce ga Natan na zamaninmu. Aka yi tafi. Daga layin Zumuntar Mata Inna ta zuba mini ido. Na sunkuyar da kai, wanda jama'a suka ɗauka tawali'u ne, na karɓi yabon duka.

Tun daga ranar, in an aike ni faɗin gaskiya sai na ƙoshi a gida tukuna. Matsalar ita ce matata ta gano dabarar. Jiya ta rufe tukunya ta zauna a kai, ta ce tunda na zama Natan, in fara faɗa mata nawa na sayar da waken soya.