Yadda Ake Zaɓen Famfo ga Kwamfutar da Ta Koyi Shan Ruwa

Tunda ka yanke shawarar fanka ta yi wa kwamfutarka kaɗan, har za ka zagaya da ruwa cikin na'urar da ta cinye kuɗin lefenka, to malam, Allah ya ba da sa'a. Saura famfo.

Kada yawan sunaye ya ruɗe ka. EK, Alphacool, Corsair, Swiftech, kowa da kwalinsa da fitilunsa masu walƙiya, amma in ka kwance murfi, galibi ɗayan biyu za ka tarar: D5 ko DDC. Dukkansu ƙirar kamfanin Laing na Jamus ne, wanda yanzu yake hannun Xylem. Riga ce ta bambanta, kuma kuɗinta kake biya.

D5 dattijo ne, ga jiki, ga natsuwa. A kwali za ka ga an rubuta yana tura lita 1,500 a awa, yana kuma iya ɗaga ruwa kusan mita 4. Ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi, shi ya sa ba ya yawan ƙorafi. Wani samfurinsa ma yana da ɗan maɓalli a baya mai mataki 5, wanda za ka tuna da shi bayan ka ɗaure famfon a lungun da yatsa ba ya shiga. DDC kuwa ƙarami ne mai zafin rai. Ruwansa bai kai na D5 yawa ba, amma ya fi shi ƙarfin turi, don wasu samfuransa kan wuce mita 5. Sai dai jikinsa kan ɗau zafi, har akan saya masa gindin ƙarfe mai shan iska. Wato ka sayi abin sanyaya kwamfuta, sannan ka saya wa abin sanyayawar nasa abin sanyayawa. Idan akwatin kwamfutarka ƙarami ne, ko ka jera lagireto 3 da tiyo mai yawan kwana, DDC ne mutuminka. In ba haka ba, ɗauki dattijon ka yi barci.

Waccan lita 1,500, ka haddace ta don majalisa, amma kada ka sa ta a zuci. An auna ta ne lokacin da babu komai a gaban famfon, kamar a auna gudun jaki kafin a ɗora masa mangala. Da zarar ruwa ya fara kutsawa ta siraran hanyoyin farantin da ke kan furosesa da katin hoto, lissafi ya sauya. Masu harkar kan wadatu da galan 1 a minti, kimanin lita 230 a awa. Abin da ya haura haka, da kyar zai rage maka zafin da za ka lura da shi, ƙara kawai zai ƙara. Kuma ko famfo biyu ka haɗa, ruwa ba zai fi iskar ɗakinka sanyi ba. Mai zaune a Sakkwato cikin watan Afrilu ya rubuta wannan ya manna a bango.

Idan kana son ganin ƙarshen famfonka da wuri, kunna shi babu ruwa. Abin da ke juyawa a cikinsa yana zaune ne kan ɗan ƙwallon tangaran, ruwa ne man shafawarsa. Saboda haka tanki a sama, famfo a ƙasa. Ka ɗora shi kan roba ko soso, kada akwatin ya koma kuge. Ruwan kuma tatacce ake zubawa, ba na leda ba, kuma kada ka haɗa tagulla da alminiyom a hanya ɗaya, tagullar ce za ta sa alminiyom ɗin ya cinye.

Bayan haɗawa, ka shimfiɗa takardar goge hannu ƙarƙashin kowace mahaɗa, ka ba famfo wuta shi kaɗai, sauran kayan a kashe, ka bar shi awa 24 kana leƙen ɗigo. In aka ɗauke wuta a awa ta 23, ka tambayi malaminku hukuncin ƙirgen.