Turancin Sama

Bature ba ya wadatuwa da kalma ɗaya in ana zancen tsawo. Dogon mutum "tol" ne a wurinsa, dutse kuwa "hai". To, dawar Malumfashi da ke shanye mai gona har da hularsa fa? Ita ma wai tol ce, don siririya ce. Madalla.

Amma hai ɗin nan ba ta zaɓen abokin tafiya. Jinin dattijo ya hau, hai. Yaro ya sha ƙwaya yana tangaɗi a bakin tasha, shi ma hai. Je ka taron gidauniya a Funtuwa, ka ji an kira manya zuwa "hai tebur", sannan ka leƙa: teburi ne irin naka, bai ɗara shi ko da taƙi ɗaya ba, sai dai an lulluɓe shi da leshi, an jera Maltina, fanka kuma can ta karkata.

Wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce "rayis". A kunnen Bahaushe, tashi da shinkafa sunansu ɗaya a Turanci. Duk wanda ya tayi tiya a kasuwar Ɗandume ya san a nan kam Bature bai yi ƙarya ba.