Zuwa ga Sarkin Ruwan Gwaram, Wanda Bai Taɓa Jiƙa Gwiwa Ba

Taubashi! Ina uwargida, ina yara, yaya damina? Lafiyarka kam ba zan tambaya ba, domin labarin da ya iso mana nan Birnin Kudu ya riga ya ba da amsa.

An ce ka tara iyalinka a tsakar gida ka yi musu shela cewa daga bana gidanka ya zama gidan 'yan ninkaya. Wai za ka sa yara a kulob ɗin gasar iyo, kai da uwarsu kuna biye, ba ja da baya har sai an kira sunan Gwaram a gasar Olamfik. Waɗanda suka kawo zancen suna da yawa, cikinsu har da mutumin da ba ya ƙarya sai ranar kasuwar Sara. An kuma ce cutar ta kama ka ne tun 2024, lokacin da ka zauna gaban talabijin ka ga yaron nan na Faransa, Léon Marchand, ya kwashe zinare huɗu a birnin Paris, ka buga cinya ka ce ai autanka ma zai iya.

Bari in gaya maka abin da mai sharhin wasan ya faɗa lokacin da kake can kana rigima da mai shayi a kan canji. Uban yaron nan ɗan ninkaya ne da ya je Olamfik, uwarsa ma haka. Shi gado ya tarar. To autanka me ya tarar? Ni ɗan gwaggonka ne, tare muka taso, ba a wurina za ka ɓoye tarihi ba. Duk lokacin da muka zo hutu Gwaram muka gangara kogi, kai ne mai gadin riguna. Mu muna ciki muna kurme, kai kana bakin gaɓa a tsugune, rungume da wandunanmu, kana cewa wai kunnenka ne ba ya son ruwa. Ranar da aka sa ka a kwale-kwalen fito kuwa, addu'ar da ka yi tsakanin gaɓa da gaɓa ta ishi mai tafiya Makka a ƙafa.

Na ji ka kafa hujja da maganar da ake danganta wa Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Hujja ce mai kyau, ba na ja da malamai. Sai dai cikin ukun nan wanne za ka nuna musu da kanka? Dokin da ka ara ranar hawan sallah shi ya san inda ya ajiye ka, harbi kuwa ko da danƙo ba ka taɓa kayar da kurciya ba.

Amma tunda ka dage, zo mu zauna mu yi lissafi, don kada a ce ɗan'uwa ya ga rami ya yi shiru.

Wurin ninkaya na gasa tsawonsa mita 50 ne, faɗinsa mita 25, zurfinsa kuma mu ce mita 2. Ruwan da ke cika shi lita miliyan 2 da rabi ne. In ka auna da jarkar 'yan garuwa mai lita 25, jarka 100,000 ke nan. In kura ɗaya na ɗaukar jarka 10, sai mai ruwa ya yi sawu 10,000 kafin autanka ya samu inda zai tsoma ƙafa. Kai da kake tsayawa a ƙofar gida kana ƙirga jarkokin da aka shigar, kana tambayar wa ya yi wanka sau biyu! Kuma ba a zuba ruwan a tafi a bar shi. Inji ne ke juya shi dare da rana yana tacewa, ana zuba masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma dokar hukumar ninkaya ta duniya ta ce ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 25 zuwa 28. Wato sai da wuta, in babu wuta sai janareto, janareto kuma ba ya cin alkawari. Irin wannan wuri akwai shi a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don gasar wasannin Afirka ta 2003. Nuna min nasa a Gwaram Sabuwa ko Tsohuwar Gwaram, ni kuma in biya maka kuɗin rajista.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, kana tsammanin sa yaro a kulob kamar sa shi a makarantar allo ne, ka kai shi gaban malam, ka ce ga amana, ka koma majalisa. Ina! A ƙasashen da abin ya kafu, irin su Amurka da Ingila da Ostareliya, yaro ne ke shiga ruwa, amma gidan gaba ɗaya ne ke jiƙewa. Atisaye tun kafin gari ya waye, a sake komawa da yamma bayan an tashi makaranta, kusan kowace rana a mako. Uba ne direba, uwa ce mai dafa abincin asuba. Ranar gasa a kwana a wani gari, a wuni a kan benci don kallon tseren da bai kai minti ɗaya ba. Kulob ɗin kuma ba ya barin iyaye su zauna haka nan: wannan a ba shi agogo ya riƙe lokaci, wancan ya rubuta sakamako, wata ta tsara yara a layi. Michael Phelps na Amurka, wanda ya tara lambobin Olamfik 28, 23 daga ciki zinare, yayyensa mata ne suka fara shiga kulob a Baltimo, shi ya bi sahunsu yana ɗan shekara 7, mahaifiyarsu malamar makaranta tana ta jigila da su. Shekaru ta yi tana wannan wahala kafin duniya ta san sunan ɗanta.

Yanzu ka hango kanka a watan Janairu, hunturu na kaɗawa, hazo ya rufe gari, ana kiran assalatu. Kai da sai liman ya kai raka'a ta biyu kake shigowa masallaci a naɗe cikin bargo, kai ne za ka tada yara, ka ɗora su a babur, ka ce su faɗa ruwa? Maganar riƙe agogo kuwa gara a bar ta. A Beijin a 2008, Phelps ya ci tseren mita 100 na salon malam-buɗe-littafi da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Mutumin da zai ce maka yana nan tafe bayan la'asar ya iso bayan isha'i, in aka ba shi wannan aiki ai sai a tashi gasa ba a san wanda ya ci ba.

Sai cin abinci. Yaron da ya wuni yana ninkaya ba ya jin kira sai na kwano. Ka shirya buɗe rumbu tun kafin kaka.

Ga kuma batun sutura, wanda na tabbata ba ka gaya wa uwargida ba. Tun 2010 dokar gasa ta ce kayan namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa, na mace daga kafaɗa zuwa gwiwa, kuma waɗanda ake sawa masu ɗame jiki ne. Na san baiwar Allah nan, ko rijiya za ta leƙa sai ta gyara mayafi. Kai kuma, ranka ya daɗe, da wannan tumbin da ka shekara ashirin kana yi wa hidima, a ce ka tuɓe babbar riga da hula ka tsaya a kan dakalin tsalle cikin ɗan wando! Wallahi in za a yi, ni zan ɗauki hayar mota daga Babaldu har Basirka in kwaso 'yan kallo, kowa ya biya.

Kada ka ce na kashe maka gwiwa gaba ɗaya. Akwai mutum ɗaya a tarihin Olamfik da nake ganin zai dace ka rataya hotonsa a zaure. Sunansa Eric Moussambani, daga Ikwatoriyal Gini. Watanni kaɗan kafin gasar Sidni ta 2000 ya fara koyon iyo, a ɗan wurin wankan wani otal, bai taɓa ganin tafki mai mita 50 ba sai da ya isa can. Su uku aka jera a zagayensu na mita 100: shi, da wani daga Tajikistan, da maƙwabcinmu Karim Bare na Nijar. Biyun suka yi azarɓaɓi suka faɗa ruwa kafin a busa, aka kore su, domin a wannan wasa kuskure ɗaya ne ba a ƙara maka. Ya rage shi kaɗai. Ya tafi da ƙyar, ya juyo da ƙyar, a ƙarshe har 'yan kallo suka miƙe suna ihu suna ƙarfafa masa gwiwa. Ya gama cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, alhali wanda ya ci zinare a shekarar ya gama cikin daƙiƙa 48 da 'yan kai. Duniya ta yi dariya, amma bawan Allah bai daina ba, daga baya ya zama kocin 'yan ninkayar ƙasarsa. Kai ma kana iya cin zagayenka, muddin aka kori kowa.

Na san abin da za ka ce: ku Birnin Kudu me kuka sani game da ruwa? To, mu ba mu yi da'awa ba. Mu mutanen dutse ne. Je ka Dutsen Habude da Dutsen Mesa ka ga zanen da mutanen dauri suka bari, shanu suka zana, babu wanda ya zana mai iyo. Mun ba Jigawa gwamnoni biyu, Ali Sa'ad da Sule Lamido, kuma a kwalejin gwamnati ta garinmu Aliko Dangote ya yi sakandare. Asibitin tarayya ma yana nan wurinmu, saboda haka ranar da ka sha ruwa ka ƙoshi, hanya ɗaya ce, mu ne dai za mu kawo maka kunu.

Ku kuwa Allah ya ba ku kogi, wanda ya taso tun daga tsaunukan Jos, ake kiransa Bunga, ya gangara Jama'are, ya je ya haɗu da na Haɗeja. Amma kogi ba ya bin jadawalin koci. Da damina ya cika ya batse, ya zo da itace da kararuwa, ƙwararre ma sai ya yi shawara kafin ya shiga. Da rani ya janye ya bar muku yashi, sai dai 'yan wasanka su yi atisayen birgima. Kududdufan bayan gari kuma, waɗanda nake jin su ne idonka yake kai, ka san abin da ke cikinsu: katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaro ya yi wanka, tsutsar ta shiga ta fata, bayan 'yan makonni ya fara fitsarin jini. Mu da muka taso ana ce mana alamar girma ce, ashe ciwo ne da ke lalata mafitsara, maganinsa kuma yana asibiti. Kafin ka kawo wa Gwaram zinare, kada ka kawo wa gidanka wannan.

A nan zan ɗan sauke murya, don wasan taubasai ba ya hana gaskiya. Cikin haukanka akwai hankali ɗan kaɗan. Babu daminar da ke wucewa a ƙasar nan ba a ji an tsamo yara daga kududdufi ko ramin da masu aikin hanya suka haƙa suka bari ba, kuma yawanci ruwan bai fi 'yan taku daga gaɓa ba. Abin ya kai har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli, tun daga 2021, don tunatarwa a kan nutsewa a ruwa. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai. Yaron da ya san yadda zai kwanta rigingine ruwa ya ɗauke shi, ya san kada ya faɗa ceton wani da hannu sai da sanda ko igiya ko jarka, ya samu abin da ya fi lambar wuya. Wannan kuwa ba ya bukatar jarka 100,000. Masunta da masu fito suna nan a bakin koginku, sun gaji ruwa kaka da kakanni. Ka je ka gaida Sarkin Ruwa na gaskiya da goro, a zaɓi wuri marar zurfi mai tsabta bayan ruwa ya kwanta, manya na tsaye, 'yan mata kuma mata su koya musu. In yaran sun goge kana son gasa, ba sai Paris ba. Ga Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana tseren ninkaya da na kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa da hannu a kogin Matan Fada. Ka kai su su ga yadda Kabawa ke wasa da ruwa, ko bakinka zai ragu. Gasar wasanni ta ƙasa ma, wadda aka fara a Legas a 1973, tana da ninkaya, sai dai can za ka tarar da 'yan Delta da Bayelsa da Ribas, waɗanda tun suna goye suke cikin kwale-kwale.

Sharaɗina ɗaya ne. Tunda ka ce iyali gaba ɗaya, to shugaba ne ke fara shiga. Bayan an gama girbi zan zo Gwaram da gora biyu, ɗaya a ɗaura maka a ciki, ɗaya a baya, da igiyar guga wadda zan riƙe da hannuna. Ruwa iya ƙugu kawai muke nema a ranar farko. A gaya wa uwargida ta tanadi busassun kaya da ruwan zafi, autanka kuma shi zai yi gadin riguna. Kuɗin sharata na watan cika-ciki da ka danne, ka ba ni su tun a gaɓa kafin ka shiga, don ba na bin magada bashi.