Akanta, Nawa Ne Gaskiyarsa?

Kawuna ya fi shekara talatin yana sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, kuma a iya sanina abu biyu kacal ne bai taɓa tayawa ba a duniya: kujerar Makka da likkafani. Duk abin da ya rage, in dai an faɗi kuɗinsa, sai ya raba biyu ya fara daga ƙasan rabin. Ya taɓa taya likitan haƙori da yatsu, bakinsa cike da auduga. Don haka ranar da na kai masa akanta har shago, na san kasada na ɗauko.

Akantan yaro ne natsattse, da gilashinsa da 'yar jakar kwamfuta. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa, aka kawo ruwan leda. Ya yi bayani tiryan-tiryan: zai tsara lissafin shago, ya cike takardun haraji, ya kai su kan lokaci, in wasiƙa ta zo shi zai amsa. Duka a kan naira 150,000 a shekara.

"Albarka," in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, ai kai ne mai saye."

"Bakina ne ya saba. To Malam, nawa ne gaskiyarsa?"

Akanta ya ce gaskiyar ke nan, ranka ya daɗe. Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya leƙa jakar, yana neman inda kayan suke. "Yanzu in na ba ka dubu ɗari da hamsin, me za ka miƙo mini in riƙe?" Yaro ya ce kwanciyar hankali. Kawu ya ce wannan kyauta yake samunta kullum bayan sallar asuba. Ya taya dubu ashirin, da alkawarin yadi biyar na shadda in sallah ta zo.

Kada wani ya ce rowa ce. Mutumin da ya yanka sa a bikin 'yarsa, ya raba wa mawaƙa sababbin kuɗi har hannunsa ya sage, ba a kiransa marowaci. Matsalar dai mu abin da ba a ɗaga shi a ji nauyi, ko a murza shi a ji laushi, ba mu ga dalilin biyan kuɗinsa ba. Bakanike ya daɗe da gano mu: in ya ɗaure waya ɗaya mota ta tashi, na ruwa za a ba shi, shi ya sa yake kwance wani ƙarfe ya nuna maka tukuna. Likitan da bai yi allura ba bai yi aiki ba. Shawara kuwa, wa ya taɓa sayen shawara alhali ga majalisa nan a ƙofar gida?

A majalisar su Kawu akwai masana haraji aƙalla huɗu. Ɗaya ya taɓa ɗaukar wani jami'in haraji a motarsa daga Kano zuwa Zariya. Ɗaya surukinsa mai gadi ne a wata ma'aikata. Sauran biyun a WhatsApp suka yi karatunsu, a wajen wani mai murya da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Su suka tabbatar wa Kawu cewa haraji na ma'aikatan gwamnati ne, kuma wasiƙar da ba ka sa hannu ka karɓa ba, ba ta zo ba. Shi kuwa Kawu yana da tasa hujjar da ta fi duka ƙarfi: "Ai Rimi ya soke haraji."

Kuma bai yi ƙarya ba. Bayan zaɓen 1979, gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, wato kuɗin da ake ɗora wa kowane baligi da wanda ake ɗora wa shanu. Wanda ya ji labarin yadda magidanta ke kwana a gona in dagaci ya fito da 'yan doka, ko yadda makiyayi ke kora rabin garkensa daji ranar ƙirga, ya san dalilin da aka yi guɗa. Kawu yana saurayi lokacin, kuma tun daga ranar ya rufe wannan babin ya jefa mukullin a rijiya. Ba wanda ya zo ya gaya masa cewa harajin kuɗin shiga yana nan daram. Harajin kayan masarufi da ake kira VAT ya shigo a 1994 da kashi 5 cikin ɗari, ya koma kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020, Kawu na biyansa a katin waya da kayan kanti, yana nan yana cewa Rimi ya soke.

Abin da ya jawo akanta cikin zancen wani allo ne. Wasu shekaru da suka wuce maƙwabcin shagonsa ya rataya allo mai "Nigeria Limited" a ƙarshen sunansa, Kawu ya ji ba zai iya kwana ba. Ya yi wa kamfani rajista, da sunansa da na 'ya'yansa maza, ya rubuta allon da ya fi na maƙwabci tsawo, ya sa takardar a firam sama da fanka. Kamfanin bai taɓa sayen allura ba, bai taɓa sayarwa ba. Ciniki dai a shago yake gudana yadda aka saba, da hannu da baki.

Abin da mai rubuta allo bai gaya masa ba shi ne, kamfani a idon doka mutum ne na daban, kuma mutumin gwamnatin tarayya ne. Ɗan kasuwa shi kaɗai, harajin ribarsa na jiha ne, yana kai bayaninsa kafin ƙarshen watan Maris. Kamfani kuwa dole ya kai nasa lissafin cikin wata shida bayan rufe shekararsa, ya yi ciniki ko bai yi ba. A 2020 doka ta yafe wa kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfanoni, amma ba ta yafe masa kai takarda ba. Wato gwamnati ta zama kamar gwaggon nan ta ƙauye: ba kuɗinka take so ba, gaisuwa take so, sau ɗaya a shekara. In ka ƙi zuwa, tarar rashin zumunci a wancan lokacin naira 25,000 ce a watan farko, da 5,000 a kowane wata da ya biyo baya. Shekara guda ta shiru, dubu tamanin ke nan, a kan harajin da bai kai ko sisin kwabo ba. Sababbin dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun ɗaga ta zuwa 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata. Gwaggo ta fara fushi.

Kawu bai san da wannan ba sai ranar da aka yi masa tayin kwangilar yadin kayan makaranta, aka ce ya kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Majalisa ta zauna. Aka yanke cewa akwai wani mutum mai zama gindin bishiya kusa da wani ofis, wanda ya san wani da ya san wani. Shi wannan bawan Allah ne na uku da Kawu bai taya ba, don mai hanya ba a taya shi, kada hanyar ta toshe. Ya karɓi na fom, ya dawo ya karɓi na oga, ya dawo ya karɓi na yaron oga, sannan ya ce kwamfuta ta ƙi, sai an ba ta wani abu. Bayan sati uku ya kawo takarda mai kyan gaske, da hatimi ja da tambari mai sheƙi, ga nauyi ga laushi, irin abin da Kawu ke son riƙewa. Masu kwangila suka buga lambarta a intanet, aka ce babu ita babu dalilinta. Da muka koma gindin bishiya, bishiyar kawai muka tarar.

Na zauna na haɗa abin da ya tafi, ya haura kuɗin akanta na shekara guda, ga kwangila ta kuɓuce, ga tara na nan tana haihuwa duk wata kamar zomo. Kawu ya saurara ya ce ƙaddara ce. Kuɗin da ɗan damfara ya ci ƙaddara ne, wanda akanta zai ci kuwa asara ce da ido buɗe.

Su ma akantocin ba waliyyai ba ne, kada su ji daɗi. Akwai wanda zai zo shagon da ko kujera biyu babu, ya buɗe kwamfuta ya yi ta zuba Turanci har mai shago ya ji kamar an kama shi da laifi. Akwai wanda zai karɓi kuɗin shekara a kan takardar da sifili ne a kowane layinta, ya ɓace sai baɗi. Akwai kuma wanda duk ilminsa na akanta kwat ce da jaka. Na gaske yana da lambar zama ɗan ƙungiya, ICAN ko ANAN ko cibiyar masana haraji ta CITN, kuma tambayarsa lambar ba rashin kunya ba ce, yadda shi ma zai juya bakin yadi ya duba kafin ya saya. Sannan ba kowa ne ke bukatarsu ba. Mai shayi da mai ƙosai littafi da biro sun ishe su, balle yanzu da sabuwar doka ta ce naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba haraji a kansu. Amma wanda ya rataya "Limited", ko yake biyan yara albashi, ko yake harin kwangila, ko cinikinsa ya kai inda sai ya kai lissafin VAT kafin ranar 21 ga kowane wata, ya shiga ruwan da ba a tsallake shi da naɗe wando.

Sai da akanta ya dawo karo na biyu na gane ba dubu ɗari da hamsin ce ke tsorata Kawu ba. Yaron ya ce, "Alhaji, a ba ni littafin ciniki in gani." Shagon ya yi tsit, har fanka sai da ta rage ƙara.

Littafin cinikin Kawu kashi huɗu ne. Na farko wata baƙar leda ce cike da rasit, wasu ɓera ya riga ya tantance su. Na biyu bayan kwalin atamfa. Na uku jikin bango, kusa da makunnin wuta, da fensir. Na huɗu, wanda ya fi duka girma, yana ƙarƙashin hularsa. Aljihun dama na babbar rigarsa shi ne asusun shago, kuma shi ne na cefane, da kuɗin makaranta, da ragon suna, da gudummawar biki, da na 'yan uwan da ke zuwa gaisuwa su daɗe ba su tashi ba. Akanta ya tambaye shi nawa yake yanka wa kansa albashi. Kawu ya ce, "A shagona? Wa zai biya ni, ni?"

Amma ba hargitsin ne abin ɓoyo ba. Kawu mutum biyu ne, kamar yawancinmu. A wajen ɗaurin aure attajiri ne wanda kwantena ba ta yanke masa. In jami'in haraji ko ɗan uwa mai neman rance ya shigo, kasuwa ta mutu tun bara, rufin asiri kawai ake yi. Shekara talatin mutanen nan biyu suna zaune lafiya cikin riga ɗaya don ba wanda ya taɓa haɗa su a takarda. Uwargida ba ta san adadin ba, amarya ba ta sani ba, babban ɗansa hasashe yake yi. Ina ma zargin shi kansa ba ya son sani, don in lissafi ya nuna riba, ga masu bukata a layi, in ya nuna uwar kuɗi ake ci, ina zai sa kansa? Yanzu ga yaron da aka haifa bayan ya buɗe shago yana cewa a kwance masa komai, kuma wai shi za a biya.

"Malam," in ji Kawu, murya ƙasa-ƙasa, "in ka gani, wa zai ji?"

"Ba kowa, Alhaji. Amana ce. Abin da doka ta ce a kai kawai za a kai."

"Ita dokar ba ta da 'yan uwa a unguwarmu?"

An kai magariba ana ja. Kawu ya tashi kamar zai rufe shago, akanta ya ɗauki jaka kamar zai tafi, na riƙo wannan na riƙo wancan kamar dillalin da ba shi da la'ada. Daga ƙarshe aka sallama a 120,000, da sharaɗin leda da kwali za su tafi, bango za a ɗauki hotonsa, amma wani ɗan ƙaramin littafi mai baƙin bango ba zai bar aljihun gaba ba. A ciki sunayen masu bashi suke, har da waɗanda in sun shigo masallaci ake matsa musu sahun farko. Akanta ya ce bashin ma dukiya ce, dole ya shiga lissafi. Kawu ya ce wannan bashin Allah kaɗai zai lissafa shi.

Saura biya. Kawu ya ji a majalisa cewa duk kuɗin da aka tura ta waya in ya kai naira 10,000 ana cire naira 50 ta gwamnati, kuma a wannan karon majalisa ta faɗi daidai. Ya gyara gilashi ya zauna ya tura 9,999 sau goma sha biyu, yana ƙirgawa da carbi, bankinsa na yankar kusan naira 25 ladan turawa a kowace ɗaya. Wayar akanta ta yi ta kuka kamar ɗan tsako. Da ya haɗa ya ce, "Alhaji, saura naira 12."

Kawu ya mayar da waya aljihu ya ce, "Haba Malam, duk cinikin nan ba gyara?"